Ciwon Suga Ya Sa Tela Gudu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar ni da ƙafafuna biyu, domin saura ƙiris a raba ni da ɗaya. Sunana Ado, amma a Ƙaraye in ba ka ce Ado Tela ba, ba lalle a gane wanda kake nufi ba. A Unguwar Hajji aka haife ni, a nan na yi aure, shagona kuma yana bakin kasuwa. Na rubuta wannan ne saboda masu sana'ar zama irina, teloli da dukawa da masu tireda, waɗanda rana take fitowa ta faɗi suna kan benci guda. Abin ya same ni ne a zamanin mulkin soja, a shekarun da aka sha wahalar man fetur, ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai.

Tun ina saurayi ban san wata tafiya ba sai daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallaci. Da safe shayi mai kauri, suga cokali huɗu. Da hantsi mazarƙwaila a gefen keken ɗinki, ina gutsura ina taka feda. Lokacin rake kuwa, ɓawon da ake sharewa a ƙofar shagona ya isa a ba jaki. Na yi tumbi, wuya ya cika, mutane suna cewa, "Ado ɗinki ya karɓe ka." Ni ma haka na ɗauka.

Bayan ɗinkin ƙaramar sallah abin ya faro. Duk tela ya san yadda azumi yake ƙarewa a kanmu, don haka da na ji kasala ban ɗauke ta a bakin komai ba. Sai ƙishirwa ta biyo baya, irin wadda ko na shanye moɗa uku, kafin in mayar da murfin randa maƙogwaro ya sake bushewa. Abin da na sha kuma ba ya zama. Kafin in haɗa hannun riga ɗaya na zagaya sau biyu. Ina ci kamar gara, amma ina ramewa, har sai da na rage wa kaftanina faɗi da hannuna. Daga nan ido ya soma hazo. Ni da nake zura zare ina hira, sai ga ni ina lalube a kafar allura.

Matata Rabi ce ta fara lura da abin da ya kamata ya tsorata ni. Wata safiya ta kawo mini koko, ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Malam, in faɗi wata magana?"

"Faɗi mana."

"Duk inda ka tsuguna a banɗaki, tururuwa sai ta taru a wurin. Na yi kwana biyu ina gani."

Na yi dariya na ce tururuwar gidan nan ba ta da aikin yi. Da na ji maganarta a ranar, da labarin nan bai yi tsawo haka ba.

Bayan kamar wata guda, na dawo gida da la'asar, na cire silifas zan yi alwala, Rabi ta ce, "Jinin mene ne wannan?" Muka duba. Karyayyar allurar keke ce ta shige mini ƙarƙashin babban ɗan yatsan ƙafar dama. Tun yaushe take ciki, Allah kaɗai ya sani. Wataƙila na wuni ina taka feda da ita, ban ji komai ba. Na zare ta, na shafa man zafi, na ɗaure da tsumma.

A makon farko mai kemis ya ba ni kafso da maganin shafawa. Ciwon bai rufe ba, sai ruwa yake fitarwa.

A mako na biyu 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da nasa ilimin. Kawu Isa, ƙanin mahaifina, da ya ji an ce allura, sai ya gyara zama.

"Allura a ƙafa, kuma ba ka ji shigarta ba? Ado, wannan ai jifa ne. Wa ke gefen shagonka?"

"Ɗanlami ne, Kawu."

"To," in ji shi, bai ƙara ba.

Ɗanlami tela ne kamata, shekara goma sha muna jere. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma maganar Kawu ta shige ni, har da Ɗanlami ya zo dubiya na juya fuska bango na yi kamar ina barci. Aka kawo hayaƙi, aka kawo jiƙo mai ɗaci kamar maɗaci. Goggona ta ce ciwon shawara ne, ta aiko da saiwa. Mahaifiyata, Inna, ta ce jikin ne ya yi rauni, ta sa aka nemo zuma farar saƙa, ana dama mini a koko safe da yamma. Zuma magani ce, ban musa ba. Amma ba a ba mai irin ciwona ita kofi-kofi. Inna da hannun ƙauna take ba ni, ni kuma ina sha ciwon yana ƙara ci.

A mako na uku ƙafa ta kumbura har idon sawu, ta yi ja, ɗan yatsan ya soma baƙi. Zazzaɓi ya rufe ni. Ɗakin ya ɗauki wari, Rabi tana kunna turaren wuta kafin baƙi su shigo don kada in ji kunya.

A wannan makon Allah ya kawo Malam Garba. Mijin ƙanwata Sa'a ne, malamin motsa jiki a wata makarantar sakandare a Rogo. Siriri ne, mara yawan magana. Ya jingine babur ɗinsa, ya gaida Inna, ya gaida Kawu Isa da ke zaune a bakin ƙofa, ya shigo ya kwance tsumman da kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya Ado, wannan ya wuce jiƙo. Tashi mu tafi asibiti."

Kawu ya ce daga waje, "Asibiti yanka suke yi, Malam."

"Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. In muka ƙara mako guda a ɗakin nan, shi ne za su yanka."

Sai Inna ta miƙa wa Rabi hulata. Da haka aka yanke magana.

A asibitin garinmu wani ma'aikacin lafiya ya karɓi fitsarina a 'yar kwalba, ya haɗa da wani ruwa shuɗi, ya ɗora a wuta. Muna kallo ya rikiɗe ya koma kalar jar ƙasa. Ya ce, "Ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Ƙafar nan ba tamu ba ce, ku wuce Kano yau." Ranar na fara jin sunan ciwona.

Faɗar "ku wuce Kano" ta fi tafiyar sauƙi. Babu mai, motoci suna layi a gidajen mai, tasha ta cika da mutane. Tun hantsi muke zaune sai bayan azahar muka samu bas, sai da muka biya kujera biyu don in miƙe ƙafa. Muka isa an rufe tagar yankan kati. Muka kwana gidan wani ɗan'uwan Garba, washegari ana idar da sallar asuba muka kama layi. Na ga mutane a layin nan da suka sa na raina nawa ciwon. Ba mu ga likita ba sai gab da la'asar, ina zaune a ƙasa, kaina a jikin bango, Rabi tana yi mini fifita da katin asibiti.

Likitan matashi ne, da ganinsa ya gaji. Ya duba ƙafar, ya tambayi abin da nake sha a gida. Da Rabi ta ambaci zuma sai ya ajiye biro ya dafe goshi. Bai yi faɗa ba. Ya ce da ni:

"Malam, ciwon nan ba baƙo ba ne da zai kwana biyu ya tafi. Ya tare ke nan. Ko dai ka koyi zama da shi, ko ya riƙa ɗaukar ka gaɓa-gaɓa."

Sannan ya ɗauki biron ya zana layi a ƙaurina, ɗan sama da inda jan ya tsaya. Ya ce in jan ya haye layin nan, babu makawa sai an yanke. In ya tsaya, akwai fata.

Mako huɗu na yi a kwance. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo direban babbar mota, an riga an cire masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar da na zo ya dubi bandejina ya ce, "Ni ma da ƙaya ta fara, ɗana." Ban iya cin abinci ba ranar.

Makon farko a asibiti ba na son tuna shi. Allurar suga sau uku a rana, ga ta kashe ƙwayar cuta, ga wankin ciwo kowace safiya, ana kankare mataccen nama. Ƙafar da ba ta ji allura ba, da aka kai ga mai rai sai ta ji komai, ina cizon gefen filo. Kullum gari ya waye, kafin Rabi ta ce mini ina kwana sai ta ɗaga zanen rufa ta dubi layin biro. Rana ta uku jan ya matso har saura faɗin ɗan yatsa. Ta mayar da zanen a hankali ta ce, "Da sauƙi, Malam." Na san ba gaskiya ta faɗa ba, ita ma ta san na sani.

Ina da ƙorafi a kan asibitin nan, ba zan ɓoye ba. Komai sai ka sayo, har auduga da safar hannu. A rubuta maka magani, ka je kantin asibiti a ce babu, sai Rabi ta tsallaka titi, ita da ba ta san Kano ba. Akwai wata nas da in ka kira ta sai ka ce bashi ka zo tambaya. Masu jinya a baranda suke shimfiɗa, ruwan famfo sai ya ga dama. Awakin Rabi biyu da ta yi shekaru tana kiwo, a makon nan suka tafi. Amma a asibitin nan dai akwai wani dattijon nas mai furfura wanda in shi ne a kan wankin ciwo sai ya ce, "Yi bismilla, Tela, ni ma na yi," ya riƙa jan ka da hira har ya gama. Ban san sunansa ba har yau, amma ba na ɗaga hannu in manta da shi.

A mako na biyu jan ya tsaya. Bai ja baya ba, amma ya tsaya. A cikin makon Garba ya zo da saƙo daga gida: Ɗanlami ya kwashe ɗinkunan mutane da na bari a shago, ya ƙarasa su, ya kai wa Inna ladan ɗinkin bai taɓa ko kwabo ba. Na rufe fuska da hula. Duk wanda ciwo ya kwantar, ya yi hattara da masu nemo masa maƙiyi.

A mako na uku jan ya fara sauka, ciwon ya yi jajir mai kyau, ba warin nan. Likita ya zo zagaye ya latsa, ya ce, "Ka tsira da ita, har ɗan yatsan." Rabi ta fita baranda, na jiyo ta tana kuka, matan da suke jinya tare suna cewa ta yi hamdala.

Ranar sallama ya mayar da ni kan ƙwaya maimakon allura, ya ce, "Maganinka uku ne: ƙwaya, kwano, da ƙafa. Ƙwaya ni zan rubuta. Kwano matarka za ta auna. Ƙafa kuwa, in ciwon ya rufe, sai ka taka da kanka. Kullum, ba ranar da ka ga dama ba."

Kwano ya ba ni wahala. Aka raba ni da suga da mazarƙwaila da rake. Tuwo ɗan dunƙule, sauran wake da zogale da alkama. Na ci wake har na fara jin haushin masu noma shi. Amma ƙafa ta fi wuya. Sai da ciwon ya ƙara wata biyu kafin ya rufe ruf, kuma ranar da na fara fita, daga gida zuwa masallacin unguwa sai da na zauna a dakalin mutane sau biyu.

Garba ya ɗauki abin kamar aikinsa. Duk Asabar sai ya taso daga Rogo. Ya kai ni wajen 'yan gwanjo ya zaɓar mini takalmin kambas da safa mai laushi, ya ce kada in ƙara taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Muka fara da tafiya bayan sallar asuba, a hanyar da ta fita gari ta nufi Rogo. Mako shida muna tafiya kawai, kullum ana ƙara nisa kaɗan. Wata Asabar ya tsaya a gindin falwayar lantarki ya nuna ta gaba.

"Yaya Ado, daga nan zuwa can, ɗan sassarfa."

"Gudu? Ni? Da gemuna?"

"Gemun ba ya taka ƙasa. Bismilla."

Rabona da gudu tun ina makarantar allo. Na yi, tumbi yana gaba ina binsa, ƙirji kamar ana hura wuta a maƙera. Da na isa na dafa falwayar ina haki. Garba ya ce na yi gaggawa. Ya ce, "In wani ya yi maka sallama kana gudu ka kasa amsawa cikakkiya, to ka wuce ƙarfinka. Rage." Da wannan ma'auni na koya. Falwaya ɗaya gudu, biyu tafiya. Bayan mako biyu, ɗaya da ɗaya. Daga nan biyu gudu, ɗaya tafiya. Sauran ranakun mako ni kaɗai nake fita. Na zauna na ɗinka wa kaina wando mara nauyi wanda ya rufe gwiwa, domin gajeren wandon 'yan ƙwallo ba da ni ba.

Gari kuwa ya samu abin magana. Masu tafiya gona su tsaya su ce, "Ado lafiya? Wa ya biyo ka?" Aka ce ciwon ya taɓa mini kai. Wata safiya wata mai tallar nono ta hango ni na taho a guje, ba ta tsaya tambaya ba, ta dire ƙwaryarta a gefen hanya ta juya ta rufa mini baya, tana cewa, "Mene ne? Mene ne a bayan?" Sai da na tsaya na rantse mata babu komai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Allah ya sawwaƙe," ta koma ta ɗauki kayanta. Inna ma ta kira ni ta ce ina zubar mata da mutunci, magidanci da 'ya'ya biyar yana tsere da iska. Na ce, "Inna, likita ne ya rubuta." Ta ce ba ta taɓa jin an rubuta wa mutum gudu ba. Amma da ta ga na daina zaryar randa, idona ya washe, na koma kan keke, sai ta bar maganar.

Ba kullum aka ci nasara ba. Akwai lokacin da na matse igiyar kambas da yawa, bororo ya fito mini a diddige. Rabi, wadda take duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu duk yamma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta gani. Ranar na ga fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ni na kwana a baranda, ba Malam Garba ba." Ta ɗauke takalman ta ɓoye a cikin rumbu, sai da wurin ya warke sarai, mako biyu cur, ta fito da su.

Duk wata ina komawa Kano. Layin masu jiran likita dai yana nan yadda na bar shi. Amma likita ya fara murmushi in ya ga takardar gwajina, har ya rage mini ƙwaya. Da na gaya masa na kai ga gudu, ya ce madalla, amma ya ja mini kunne: mai shan ƙwayar nan in ya motsa jiki da yawa bai ci abinci ba, sugan yana iya faɗuwa ƙasa, wannan kuma ya fi hawansa saurin kisa. In na ji rawar jiki da gumi mai sanyi, in sa abu mai zaƙi a baki nan take. Tun daga nan nake yawo da dabino uku a aljihu.

Shekara ta zagayo, damina ta ja baya, ana cirar gyaɗa, Garba ya zo da magana. Makarantarsu za ta yi wasannin ƙarshen zango, kuma an saba a buɗe da gudun dogon zango na mutanen gari, duk mai so ya shiga. Daga wata mararraba a bayan gari za a taso, a ƙare a filin makaranta, kamar mil uku.

Na ce, "A Ƙaraye ma ana ce mini mahaukaci, sai na kai abin Rogo?"

"Ba cewa na yi ka ci ba, Yaya. Cewa na yi ka gama."

Rabi ta ce ba ta yarda ba. Bayan kwana biyu ta ce ta yarda, amma da ita za a je, ta zauna wajen Sa'a.

Ranar muka yi sammako. A gidan Garba aka kawo mini kunu da ƙosai, na sha ƙwayata, amma don fargaba ƙosai biyu kawai na iya ci. Na tuɓe kaftani na sa rigar gudu. Dabinon yana aljihun kaftanin, ban tuna ba. Wannan kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

A mararraba mun kai mu talatin. Akwai malaman makaranta, akwai samari majiya ƙarfi, akwai wani ɗan sanda, akwai manoma biyu da suka zo ba takalmi. Ni ne mai furfura a gemu. Aka maƙala mana lamba a ƙirji da fil, aka busa usur. Kafin in ɗaga ƙafa sau goma, samarin nan sun yi nisa. Zuciya ta ce bi su. Na tuna maganar sallama, na kama kaina. Garba yana tafe a baya a kan babur, shi aka ba aikin kwasar wanda ya gaza.

Mil na farko lafiya lau. Har na wuce wasu samari uku da suka fita da wuta, yanzu suna tafiya riƙe da ƙugu. Ɗaya ya ce, "Baba, a hankali dai." Na ce, "Da hankalin na zo."

Mun shigo gefen gari sai na ji gwiwoyina sun saki. Hannuna ya kama rawa. Gumi ya karyo mini, mai sanyi kamar an watsa mini ruwan randa, hanya ta fara rabuwa biyu a idona. Na kai hannu aljihu, wayam. Na lallaɓa na zauna a kan kwalbati. Garba ya diro daga babur bai ko kafe shi ba.

"Ina dabinon?"

Na kasa haɗa magana, sai kai na girgiza. Ya waiga. A tsallaken titi akwai wani mai rake da baro, yana kallon masu gudu. Garba ya ƙwala masa kira, "Mai rake, fere gaɓa ɗaya, maza, rai ne!" Mutumin bai tambayi komai ba. Ya fere, ya datsa ƙanana, ya tsallako da gudu ya durƙusa a gabana yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda da watanni rabona da rake. Ina tauna ina jin duniya tana dawowa daidai, titi ya koma guda ɗaya, rawar hannu ta lafa.

Garba ya ce, "Ya isa haka. Hau mu tafi."

Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Muka zauna har waɗanda na wuce suka zo suka wuce ni. Ya sa na ƙirga yatsunsa, ya sa na miƙe na tsaya da ƙafa ɗaya. Sannan ya ce, "Tafiya za ka yi har gindin mangwaron can. In na ga ka yi tangaɗi ko sau ɗaya, ko kana so ko ba ka so zan ɗora ka." Garba ya laluba aljihu zai sallami mai rake, mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Malam. Allah dai ya kai shi."

Na taka har mangwaron, ban yi tangaɗi ba. Daga nan na ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan. Da na shigo ƙofar makaranta har an fara shirin wani wasan, masu igiyar ƙarshe sun naɗe ta. Wani malami ya hango lamba a ƙirjina ya yi ihu, "Saura ɗaya! Ku buɗe masa hanya!" Suka sake warware igiyar, aka ja ta saboda ni kaɗai. Filin ya ɗauki tafi, 'yan makaranta suna "Baba! Baba!" Na ratsa igiyar da ƙirjina kamar ni na zo na ɗaya. Ni ne na ƙarshe cikin waɗanda suka gama. Na samu gefen fili na fuskanci gabas na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba, don ba na son a ga idona.

A gidan Sa'a, Rabi ba ta tambaye ni na nawa na zo ba. Da Garba ya ba da labarin kwalbati, ta shiga ɗaki ta fito da kaftanina, ta zazzage dabinon a tafin hannunta ta nuna mini. Har muka hau mota ba ta yi mini magana ba. Sai da muka kusa Ƙaraye ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce har igiya aka ja maka."

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ƙishirwa ta yi maka yawa, kana ci kana ramewa, ka je a gwada ka tun kana tafiya da ƙafarka. Ciwon da ya kwana bakwai a ƙafa bai rufe ba, ba na tsumma ba ne. Ni ban warke ba, ba a warkewa, har yau ina shan ƙwaya, ina kuma kewar mazarƙwaila. Amma ina ɗinki, ina zura zare ba tabarau, ina fita hanyar Rogo sau huɗu a mako.

Washegarin tseren, da aka kira sallar asuba na yunƙura zan tashi, cinyoyina suka ƙi. Ƙaurina kamar an daka a turmi. Na yi nishi na koma na zauna a bakin gado. Rabi ta taso a firgice.

"Innalillahi! Malam, ciwon ne ya dawo? A kira Malam Garba?"

Na duba, babu kumburi, babu ja, babu rauni. Tsamin jiki ne kawai, irin na wanda ya wuni yana huɗa. Dariya ta kama ni har da hawaye, ita kuwa tana tsaye da buta a hannu tana kallona.

Na ce, "Kwantar da hankalinki, Rabi. Wannan ciwon masu lafiya ne. Miƙo mini butar."

Na ɗingisa zuwa masallaci, a sahun farko na yi sallah. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da abin da ya fi alheri.